Alamar Kaka a Jikin Bango

Kakata ta wajen uba tana da yanar ido, tana kuma da hawan jini. Haske da duhu kawai take rarrabewa, amma ita kaɗai take zuwa likitar garinmu, wato asibiti, a auna ta, ba ta yarda kowa ya riƙe mata sanda. Da hannu ta san ƙofofin wurin. Ta ɗakin awo ta lotsa daga gefe, ta ɗakin magani kuwa fentinta ya ɓaɓɓare, yana kartar yatsa.

Shekarar da na shiga ajin ƙarshe a lakol aka gyara likitar. Aka kawo sabbin ƙofofin ƙarfe daga garin Agiye, duk shuɗɗa, duk sumul. Saman kowace aka kafa ɗan allo mai ƙyalli da rubutun Faransanci, can inda ko mai ido sai ya ɗaga kai. Zuwan Kaka na farko, sai ta faɗa ɗakin haihuwa. Matan da ke ciki suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Iya, wata nawa ne?" Kafin la'asar labari ya iso gidanmu.

Baba ya ce daga ranar ba za ta ƙara fita ita kaɗai ba, ni zan riƙa yi mata jagora. Kaka ta ce gara ta bar awon gaba ɗaya, ta kuwa bari. Ƙafafunta suka fara kumbura, ba ta gaya wa kowa ba. Ni na gani, don takalmanta sun daina shigarta.

Ni ba mai magana ba ce, ko a aji da ƙyar ake jin muryata. Amma na daɗe ina kallon yadda Kaka ke gane ƙwaryarta bayan taron suna, in an tara na duk unguwa wuri guda. Takan bi bakin kowace da babban yatsa har ta ji tsagar da ta yi da wuƙa mai zafi.

Na je wajen majo, shugaban likitar, na yi ta tsayuwa a bakin buronsa, wato ofishinsa, har ya ce, "Ƴammata, lafiya?" Na faɗa masa abin da ke raina ina kallon ƙasa: a yi wa ƙofofin alamar da hannu zai ji. Ya ce ai ba Kaka kaɗai ba ce, tsofaffi da yawa suna ɓata. Ya sa mai gadi ya manna murafun kwalba a jikin ƙofofin, miƙaƙƙen layi ga ɗakin awo, da'ira ga ɗakin magani.

Da ƙyar na lallaɓo Kaka ta zo ta gwada. Lokacin bazara ne, duk ƙofofin a buɗe, an tura su ciki an tokare da dutse. Ta miƙa hannu, ta shafo iska.

"Ke ɗiyar nan, ina alamar taku? Ko aljannu kuka yi wa?"

Majo ya yi dariya ya ce, "Iya, ta shige ciki tare da ƙofar."

"To ku sa a bango mana! Kun taɓa ganin bango ya tafi yawo?"

Aka kira magini ya yi alamomin da siminti a bango, ta gefen mariƙin ƙofa. Dogo ne, ya ɗora cokalinsa daidai kafaɗarsa. Ban san sa'ad da na ce wa maginin, "Baba, ƙasa kaɗan" ba. Na nuna masa wani dishi-dishin layi a jikin farin bangon, inda hannuwan tsofaffi ke bi suna shafa. A kan layin ya yi su, masu tudu, ya shafe su da baƙin fenti marar ƙyalli, don irin su Kaka su hango duhunsu a kan farin.

Ranar awo Kaka ta ɗauki sandarta ta fita ba ta sallami kowa ba. Baba ya bi ta daga nesa yana sanɗa, ni kuma ina bayansa. Ta bi bango da hannun dama, ta wuce da'irar, ta tsaya a kan miƙaƙƙen layin. Ba ta ko juyo ba, sai ta ɗaga murya.

"Kai mai bin bayana, na san takunka tun kana tatata. Koma gona. Ke kuma mai tafiyar kyanwa, ba lakol yau?"

Baba ya sosa ƙeya ya juya. Na ruga gida na ɗauko jakata.