Kwandon Daddawar da Na Ƙi Buɗewa

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in faɗa muku abin da ya taɓa haɗa ni da wayar jikata.

Daddawa ce sana'ata, ita na gada, ita nake kaiwa kasuwar Kontagora tun ina iya ɗaukar kaya a ka. Jikata kuwa a hannuna ta tashi, lokacin tana aji huɗu na sakandare. Malamarsu ta kimiyya ta buɗe musu zaure a cikin waya, tana tura darasi, suna tura aiki. Sai ta ce kowa ya ɗauki bidiyon wata sana'ar gida tun daga farko har ƙarshe, ya tura kafin Alhamis. Yarinyar ta faɗi darasin a zangon baya. In ta sake faɗuwa, za a fitar da ita daga ajin kimiyya, ita kuwa aikin jinya take buri.

Na yarda. Ta ɗauke ni ina dafa kalwa, ina surfe, ina wankewa, na sake dafawa, na juye a kwando, na rufe da ganye da buhu. Washegari ta zo da wayarta, wai in ɗaga buhun ta ɗauki abin da ke faruwa a ciki. Na ƙi. Uwata ta hore ni, ba a leƙa daddawa sai ta kwana uku, ido ɗaya ma ɓata ta yake yi, balle idon aji guda.

Ta yi magiya, ta yi kuka, ta ce ranar Juma'a kwana ukun zai cika. Na ce, "'Yar nan, ko Juma'ar baɗi ce, ba na buɗewa."

Haka ta tura aikin, ƙarshensa kwando a rufe da muryata ina ƙi. Ranar ko tuwo ba ta ci ba, ni ma bai wuce mini ba.

Da hantsin Juma'a saƙon malama ya shigo. Yarinyar ta kunna. Muka ji malamar ta ce, "Ku koma ku kalli kwandon Kaka. Wa zai gaya mini abin da zai faru in iska ta shiga?" Yara suka yi ta amsawa, wani ya ce zafin zai tsere, wata ta ce ƙwayoyin da ke nunar da ita za su daina aiki. Ni dai ido na sani, amma ban yi musu ba. Na yi hamdala, na je na ɗaga buhuna.

Jikata ta ci darasin, yanzu tana makarantar jinya. An mayar da malamar Rijau, har yau tana aiko a saya mata daddawa. Ni kuma gwiwa ta hana ni kasuwa, a ƙofar gida nake sayarwa.