Ni Ne Likitan Da Ke Cikin Wayarku

Kafin in lalace, ɗan kyamis ne ni a Birnin Kudu, mai sayar da maganin mura da ciwon kai. Ban taɓa taka ajin likitanci ba, amma Allah ya ba ni baki, kuma bakin ne ya ja min.

Wata rana wakilin wani kamfanin magani ya zauna a bencina. Ya ce, "Malam, ba magani za ka tallata ba. Ciwon za ka tallata, magani zai sayar da kansa." Ya ba ni farar riga da sabuwar waya, muka buɗe shafi a intanet da sunan likitan bogi. Kullum ina rubuta alamomin ciwon damuwa: rashin barci, yawan tunani, ƙin abinci. To wa ya rasa ɗaya a ciki? Ban taɓa cewa a je asibiti ba, sai dai in rufe da sunan ƙwayarsu, in ce in ba ta yi ba a ƙara.

Ana nan sai saƙon murya ya shigo daga Gwaram: "Likita, mijina ya rasu, ina takaba, ba na fita. Barci ya gagare ni." Muryar Yaya Hajara ce, wadda ta goye ni bayan rasuwar innarmu.

Wallahi na san abin da ya kamata in faɗa: "Yaya, ni ne. Zafin rashi ne, kuma takaba ba ta hana zuwa asibiti." Amma asirina zai tonu. Na san tana da hawan jini, kuma ƙwayar ba ta jituwa da shi, duk da haka na rubuta, "Hajiya, ki sha ɗaya." Ɗaya ba ta yi ba, ta bi rubutuna ta ƙara. Saura kwana tara ta fita takaba, ta kwanta ba ta tashi ba.

Aka ga kwalin, aka bi wayarta har shagona. Wakilin kamfani ya yi layar zana, ni na tafi gidan yari.

Na fito, na tuba, ina roƙon Allah gafara. Samari, ciwon damuwa gaskiya ne, amma ku kai shi gaban likitan da kuke gani ido da ido. Wanda ya faɗa muku ciwonku da maganinsa a numfashi ɗaya, ku guje shi.

An rufe shafina, amma rubutun yana yawo. Shekaranjiya wani maƙwabcina ya turo min shi, ya ce, "Na ga ka rame, ba ka barci. Gwada wannan, likitan ya iya aiki."