Kiɗan da Na Ce na Rarrashin Jarirai Ne

A shekarar da ƙasar Sin ke shirin karɓar wasannin Olamfik, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin kaɗa ganguna a wata makarantar koyon kiɗa da ke Guangzhou. Ina roƙon edita ya sakaya sunana, don mutumin da abin ya fi shafa yana nan da ransa, kuma ina jin har yanzu hannunsa na dama da sauran ƙarfi. A lokacin ni irin mutumin nan ne da idan aka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba agogo sau biyu, ya ce kamar dai uku ta yi, amma a ƙara tambayar wani. A bariki na tashi a Kaduna, mahaifina yana busa ƙaho a bandin 'yan sanda, saboda haka kiɗan fareti na sani, da karanta kiɗa a takarda. Kalangu kuwa sai dai in hango shi a gidan biki. Ban taɓa faɗa wa kowa haka a makarantar ba, domin duk wanda ya gan ni sai ya ɗauka da ganga a hammata aka haife ni, ni kuma ina jin nauyin in gyara masa.

Jarrabawarmu ta ƙarshe wasa ce a kan dandamali. Ɗalibi zai yi kiɗa na kusan awa guda a gaban jama'a da malamai uku masu ba da maki, ana ɗauka a bidiyo, kuma ƙa'ida ita ce idan ka fara kiɗa ba ka tsayawa sai ka kai ƙarshensa. Wanda ya tsaya a tsakiya ya faɗi, sai baɗi. Ni kuwa ba ni da baɗi, don tallafin karatuna da bizata duk a ƙarshen Yuli za su ƙare, kuma a shekarar sabunta biza ta yi wuya. Malamata, wata farfesa 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba amma duk makarantar ana shakkarta, ta ce in rufe wasan da kiɗan gargajiya na ƙasarmu, a kan gangar ƙasarmu. Na buɗe baki in ce ban iya ba, sai na ji kaina ina cewa wataƙila zai yiwu. Ita kuma kunnenta ba ya jin wataƙila. Ta rubuta a littafinta, magana ta ƙare.

Ranakun Asabar nakan je benen Tianxiu, cibiyar 'yan kasuwar Afirka a garin, in yi wa wani Alhaji ɗan Maraɗi tafinta. Atamfa da takalma yake saye yana turawa gida. Ƙato ne, dattijo mai kamala, ba ya ɗaga murya, kullum yana sahun farko a masallacin Huaisheng, kuma duk rigimar da ta tashi tsakanin 'yan kasuwarmu wurinsa ake kai ta. Ɗan boko yake ce mini. Shi ne ya sa aka taho mini da kalangu daga Maraɗi, ranar da ya miƙo mini kuma bai tambaye ni komai ba, ya dai kalli kalangun ya kau da kai. To Alhajin nan yana da wata ɗabi'a. Idan yana jiran waya, ko wani lawban, wato mai shago, ya ce masa meyo, babu kayan, sai ya lumshe ido ya riƙa buga teburi da yatsunsa a hankali. Kullum kiɗa ɗaya ne, mai daɗi, mai lanƙwasa. Ni da nake neman abin kaɗawa ido rufe, sai na ciro littafina na riƙa rubuta shi a ɓoye, Asabar uku a jere, har na kammala.

Mai karatu zai ce me ya hana ni tambayarsa. Na yi niyya ya fi sau goma. Amma duk lokacin da na ɗauko maganar sai in ga ai tambayar dattijo irin wannan inda ya san kiɗa rashin kunya ne, sannan ina tsoron ya gane satar yatsunsa nake yi. Sai in mayar da maganar ta koma ta takalma.

A takardar bayanin da ake raba wa 'yan kallo dole a rubuta asalin kowane kiɗa. Na zauna na auna: kiɗa ne mai sanyi, mai yin sa yana lumshe ido. Don haka na rubuta cewa ana kyautata zaton mai yiwuwa kiɗa ne da wasu iyaye, a wasu yankuna, kan yi don rarrashin jarirai. A raina wannan bai kai ƙarya ba, zato ne da na kewaye da shinge ta ko'ina. Farfesa ta karanta, ta ɗauki jan biro ta soke ana kyautata zato, ta soke mai yiwuwa, ta soke wasu ɗin nan guda biyu, ta ce masani ba ya rawar baki. Abin da ya rage shi ne kiɗan rarrashin jarirai na Hausawa, haka kuma aka buga. Da muka fara gwaji sai ta tsayar da ni, ta ce ita ba ta san jariranmu ba, amma kunnenta na gaya mata kiɗan nan gudu yake so, ni kuma na ɗaure masa ƙafa. Ta haɗa ni da 'yan ajinmu huɗu masu manyan jajayen gangunan Sinawa. Kullum sai ta ƙara mana sauri. Na lura idan muna gwaji zuciyata na tafasa kamar in fita in mari wani, ni da ko sauro sai na nemi uzuri kafin in kashe. Na ɗauka fargabar jarrabawa ce.

Saura mako guda ta ce lallai in gayyato mutanen ƙasarmu, don malaman su ga yadda kiɗan ke shiga masu shi. Bayan sallar Juma'a na gayyace su, irin gayyatar da ake yi don kada a zo. Na ce wurin da nisa, ga zafi, ga shi abin ba wani abin kallo ba ne, wanda bai samu dama ba wallahi babu komai. Alhaji ya ce ɗan boko ɗanmu ne, abin kunya ne ya hau dandamali a ƙasar mutane ba nasa ko ɗaya, kowa ya rufe shago. Ranar da yamma mutum wajen ashirin suka shigo cikin manyan riguna, turare ya cika zauren, suka zauna daidai bayan malaman nan uku. Minti arba'in na farko na yi kiɗe-kiɗen makaranta lafiya lau. Mutanenmu suka yi haƙuri, biyu suka yi barci, ɗaya kuma na ji shi daga dandamali yana tambayar na kusa da shi ko an fara ne, ko har yanzu yaron gyara kayan yake yi.

Sai na rataya kalangu. Ban yi minti ɗaya ba na ga ƙafar Alhaji tana rawa. Da manyan gangunan suka shigo, sai ya cire hularsa ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya kalle shi ba. Ya sauke hiramin da ke kafaɗarsa ya fara naɗe hannunsa na dama da shi, a natse, yana ja da haƙori. A nan ne na tuna wani kallo da na taɓa yi ta saman katanga ina yaro. Kiɗan dambe nake yi. Daga baya na san abin ya wuce haka: kowane shahararren ɗan dambe yana da takensa, kiɗan da makaɗi ya tsara masa shi kaɗai, wanda idan ya ji shi tsuma ke kama shi ko yana gadon asibiti. Taken Alhaji na ɗauko, na kuma kawo shi har kan dandamali na sa masa ganguna huɗu.

Ya miƙe ya fito fili, muryar nan da ban taɓa jin an ɗaga ba ta cika zauren. Yana kirari yana cewa shi ne wanda idan ya shiga fage masu ɗori ke fara yanka karare, yana lissafa garuruwan da ya kayar da mazajensu tun daga Maraɗi har Jibiya da Ƙauran Namoda. Wani ɗan kasuwa Bazamfare ya dafe kai yana salati, yana cewa ashe shi ne, shi ne wanda ya sa kawunsa shan kunu wata biyu. Cikin malaman akwai wani dogo siriri mai tabarau da aka gayyato daga wani gari. Bawan Allah ya tashi ya fuskanci Alhaji, ya miƙa hannun hagu, tafi a buɗe, alamar a zauna. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san haka abokin karawa ke tsayuwa. Alhaji ya ranƙwafa, ya ja hannun dama baya, ya fara zagaya shi.

Idan na tsaya na faɗi jarrabawa, shekara uku sun tafi. Idan na ci gaba, ban san abin da zan rubuta wa iyalan mai tabarau ba. Ina jin ranar ce kaɗai halina na rashin yanke magana ya yi mini amfani, don ban tsaya ba, ban kuma ci gaba ba. Na riƙa rage sauri kaɗan-kaɗan, ina sassauta bugu, 'yan ajinmu da aka hore su su bi ni suna bina, fuskokinsu duk gumi. Kiɗan na sauka, hannun Alhaji na sauka. Sai da na mayar da shi yadda na fara jin sa a kan teburi, sannan na kai ƙarshe na ajiye gula. Alhaji ya dubi hannunsa, ya dubi jama'a, ya warware hiramin, ya nemi hularsa. Sinawa suka miƙe suna ta tafi, sun ɗauka shiri ne.

Bayan wasa malamai kan yi wa ɗalibi tambayoyi. Mai tabarau, wanda bai san abin da ya tsallake ba, ya buɗe littafi ya tambaye ni da gaske daga wata nawa ake fara yi wa jariranmu wannan kiɗa, kuma rawar da uban ya yi dole ce ko ganin dama. Ƙofa ce a buɗe, da na ce wataƙila sau biyu ko uku da na wuce. Amma ta bayansa ina hango Alhaji yana fita, kai a sunkuye, ba wanda ya iya matsawa kusa da shi. Sai na ce ban san asalin kiɗan ba lokacin da na rubuta, ban tambaya ba, ƙirƙira na yi, kuma kiɗan dambe ne. Suka yi shawara mai tsawo. Aka ba ni makin wasan tunda ban tsaya ba, aka soke rubutuna gaba ɗaya, aka ce in kawo na gaskiya cikin mako biyar ko in tafi gida hannu wofi. Farfesa ba ta yi faɗa ba. Ta ce ai ta gaya mini gudu yake so.

Kwana uku ina zagaya Tianxiu kafin na iya hawa. Na durƙusa na ba Alhaji haƙuri, ya bar ni a durƙushe har ya gama shayinsa. Ya ce shekara ashirin da biyar ke nan da ya ajiye dambe, ko ƙananan 'ya'yansa ba su sani ba, ni kuma ɗan boko na tone shi da yamma ɗaya. Ya ce yanzu idan an kawo masa sulhu, kafin ya buɗe baki masu rigimar sun shirya, kuma ba ya jin don girmansa ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don na san abin da ya gina ne na taɓa. Ya ce da na tambaye shi, da ya rufe ƙofa ya gaya mini, ya kuma koya mini wani kiɗan da ba ya tayar da kowa. Can sai ya ƙara da cewa a juyi na uku ban matse tsarkiya yadda ya kamata ba, kuma in gode wa Allah, don da na kaɗa shi daidai da yanzu mai tabarau na shan kunu. Daga nan duk Asabar sai ya kulle ofis ya ba ni tarihin taken da yadda ake kaɗa shi, bisa sharaɗin kada sunansa ya fito. Na miƙa rubutun, aka karɓa saura kwana biyar bizata ta ƙare.

Na daɗe ina ɗaukar kaina mai gaskiya don ba na yanke magana. Abin nan ya nuna mini cewa wataƙila ɗin da nake yawan faɗa wurin ɓuya ne, ina shiga cikinsa don kada in ce ban sani ba, kuma wani ne ya biya da mutuncinsa. Ina kira ga 'yan'uwa masu karatu a ƙasashen waje, musamman waɗanda za a ce su nuna al'adar gida: zama Bahaushe bai sa ka san komai na Hausawa ba. Idan ba ka sani ba ka faɗa da baki ɗaya, ka je ka durƙusa ka tambayi masu abin, kunyar minti biyu ce. Ni dai Alhaji ya yafe mini, ina jin. Amma har yau idan na kira shi gaisuwar salla, kafin ya tambayi iyalina sai ya tambaye ni ko jariran sun samu barci.