Shanun Malam Isa a Cikin Toka

Shekarar da aka ce ruwan dam zai cinye ƙauyenmu na kusa da Maradun, Baba ya kwashe mu zuwa Talata Mafara, gidan wani ɗan'uwansa. Nan aka sa ni firamare ina da shekara tara, na fi kowa tsawo a aji ɗaya. Malam Isa yakan cika allo da baƙaƙe tun daga a har z, mu bi shi da waƙa. Waƙar na iya, amma in ya nuna harafi guda ya ce, "Hassu, mene ne wannan?" sai in yi tsuru, yara su yi ta dariya. Da Baba ya ji labari ya ce in zangon ya ƙare ban iya ba, zan koma taya Inna sayar da tuwo ga leburorin dam.

Kakarmu, Iya Tumba, ita ke ba mu tatsuniya bayan magariba, a bakin murhu, kafin garwashin tuwo ya mutu. Ran nan ta ga na ƙi cin abinci.

"Ke ɗiyar nan, mi ya same ki?"

Na ce baƙaƙen Malam duk kamarsu ɗaya, ni na bar boko.

Ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan ta taho muku."

Wai wata yarinyar birni ce aka kai riƙo ruga wurin goggonta. Shanu sun fi ɗari, ita kuwa duk farare take gani. Kullum sai ta kai maraƙi ga uwar da ba tasa ba, ta sha harbi. Wani tsoho makaho da ke zama a gindin tsamiya ya ji kukanta, ya ce ta daina kallon garke, ta zaɓi saniya guda ta bi ta kwana uku, har ta san ƙahonta da tafiyarta da tarinta, sannan ta ƙara wata. Haka ta yi. Da ɓarayi suka kore shanun suka cakuɗa su da na kasuwa, yarinyar ce ta shiga kara, kasuwar shanu, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da sunanta.

Da ta gama sai ta jawo toka ta baje da tafin hannu, ta miƙo mini tsinke.

"To, nuna min saniya guda cikin shanun Malam. Guda ɗai."

Na zana b. Ta ce ba ta gane ba, in sake. Washegari na kawo d, ta duba ta ce, "Wagga cikinta na gaba, waccan na baya. Ko ni na ruɗe? Sake min." Kullum haka. Iya ta cika mantuwa, har haushi take ba ni, sai na maimaita mata harafi sau goma. Don kada ta tambaye ni in rasa amsa, na fara kasa kunne sosai a aji. Kafin ƙarshen zango na karanta wa Baba rubutun da ke jikin buhun taki, bai sake zancen tuwo ba.

Yau shekaruna da yawa ina koyar da aji ɗaya a Bakura. Na daɗe ina zaton darasin shi ne a bi abu ɗaya bayan ɗaya. Sai bayan rasuwar Iya, muna zaman makoki, Inna ta ce mini, "Ai tsohuwar nan ba ta mantuwa. Tun ran farko take riƙe baƙaƙen, da rana har ni take zana wa."

Shi ya sa in na ga yaron da ya yi shiru a bayan aji, ba na tsayar da shi gaban allo. Nakan je in zauna kusa da shi in ce na manta yadda ake rubuta wani harafi, ko zai taimake ni.