Ranar da Saro Mai Zuma Ya Hau Jirgi

Shekara sittin da ɗaya Saro Pappalardo ya yi a gindin dutsen Etna, bai taɓa hawa abin da ya wuce tsani ba. Sana'arsa zuma, gadon uba da kaka. Ya fi yi wa ƙudan zumansa magana mai daɗi a kan matarsa Cettina. Ita kuwa cewa take, ba komai, ai su ma harbinsa suke yi.

Ran da dutsen ya tsage ya fara aman wuta, 'yan sanda suka datse hanyar hawa. Amyoyin Saro arba'in suna can cikin kurmi, daidai inda narkakken dutsen ya dosa. A garinsu, in wuta ta nufo dukiyarka ba a zaginta. Tebur ake shirya mata, burodi da cuku da kwalbar giya, kamar babbar baƙuwa, ko ta ji kunya ta kauce. Saro bai samu damar shiryawa ba, abin ya hana shi sakat.

Sai ya nufi wurin ƙanen matarsa, Turi, mai ɗan jirgin feshin gonakin lemo.

"Yaya, jirgina za ka hau? Ba kai ka ce gwangwanin kifi ba ne?"

"Har gobe shi ne. Tada shi, sarkin surutu."

Suka tashi, Saro ya rungume kwandon abinci, ido a rufe gam. Wuta na tsartuwa sama kamar za ta lashi gajimare, duwatsu jajur suna tashi, toka na zubo wa jirgin.

"Buɗe ido, Yaya! Jikokinka ma ba za su ga irin wannan ba!"

"Ba kallo na zo ba. In mun iso kurmi ka taɓa ni."

Da Turi ya zungure shi, Saro ya tura 'yar taga ya ce, "Ranki ya daɗe, ga ɗan abin taɓawa, a yi haƙuri babu tebur." Ya wurga burodi. Iska ta dawo da shi, ya daki Turi a hanci. Cuku dai ya sauka. Giyar Turi ya fizge ya matse tsakanin cinyoyinsa, ya ce baƙuwar ta riga ta bugu.

Sannan Saro ya leƙa ƙasa. Wuta saura ƙiris ta iso, amma fili fayau, ko amya ɗaya babu. Can gangare sai ga wata koriyar akori-kura tana bin hanyar shanu, amyoyinsa jibge a baya.

"Motar Nunzio ce," in ji Turi.

Nunzio maƙwabcinsa ne, shekara goma sha ɗaya ba sa ga-maciji saboda wata bishiyar ɓaure da ke kan iyaka.

"Ɓarawo!" Saro ya ƙwala. Ya sake leƙawa. "Ya ɗaure su da kyau kuwa?"

Da suka sauka ya tarar da amyoyin jere a ƙofar gidansa, Nunzio na zaune gefe, fuska ta kumbura suntum da harbin ƙudan zuma, ido ɗaya ya shige. Saro ya zagaya su sau biyu. Ya yi gyaran murya, ya buɗe baki, godiyar ta maƙale.

"Ba a ɗaukar su da rana tsaka, jaki," ya ce. "Tashi mu shiga, Cettina ta sa maka albasa a wurin."