Bira da Lemo: Sharrin da Na Yi wa Mai Masaukina a Makka

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a buga wannan ba tare da sunana ba, kuma ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da uku, wata huɗu ke nan da saukata Makka don karatun shari'a. A gidan malamai na taso a Zariya, na haddace Alƙur'ani da wuri, tun ina yaro ake nuna ni ana cewa a yi koyi da ni. Abin ya shige mini kai. Kafin in sami ɗaki a makaranta, mahaifina ya haɗa ni da wani mutum a unguwar Utaibiyya wanda suka saba a wajen aikin hajji. Kakanninsa daga Katsina suka zo, shi a nan aka haife shi, sana'arsa tuƙa motar alhazai. Ya ba ni ɗaki a saman gidansa, abinci kuma sau uku matarsa ke aiko mini.

Gaskiyar magana, na tsani mutumin nan tun makon farko. Yana aske gemu, yana busa shisha, Hausarsa rabi Larabci ce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar da yake yi wa Larabcina na littafi, yana ce mini ya shekh a gaban abokansa. Ina cin tuwon gidansa, ina kallonsa a matsayin wanda Allah ya ajiye kusa da Ɗakinsa bai san darajar wurin ba.

Da zafi ya tsananta, irin wanda ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, sai ya fara wata al'ada bayan la'asar. Zai zauna a tsakar gida da abokansa direbobi biyu, ya kawo babban jug cike da ƙanƙara, ya fasa wasu korayen kwalabe ya tuttule, ya bi da lemon kwalba mai gas, ya matse lemon tsami, ya jefa ganyen na'a-na'a. Abin ya yi rawaya, kumfa ta taso har baki. Ran nan ina saukowa ya ɗaga kofi ya ce, “Ta'al ya shekh, zo ka sha bira, zafin nan zai kashe ka.” Na ji kalmar bira, wadda na sani da ma'anar giya a Larabci, na ga kumfa, na ga launin kwalba. Na ce masa Allah ya tsare ni, na wuce. Suka bushe da dariya, ni kuwa na ɗauka dariyar fasiƙai ce.

Ban tambayi kowa ba. Ina da abokan karatu da suka shekara biyar a garin, tambaya ɗaya ta isa, amma ban yi ba, domin a raina ina son abin ya zama gaskiya. Washegari na leƙo ta taga na ɗauke shi hoto da waya yana tuttula kwalbar. Na tura wa wani zauren hira na ɗalibai 'yan gida da muke ciki a waya, na rubuta cewa ga wanda ake damƙa wa alhazanmu yana shan giya a ƙasa mai tsarki, yana gauraya ta da lemo don kada a ji wari. Wannan na ƙarshen ni na ƙara shi daga kaina.

Cikin kwana uku hoton ya zagaya Kano da Kaduna. Mutumin da ke ɗaukarsa aikin jigila duk shekara ya kira shi ya ce bana ya huta, alhali hajji ya rage 'yan makonni. Wani ɗalibi da ya daɗe a Makka ya rubuta a zauren cewa wannan abin ba ya sa maye, na ce masa yana kare ɓarna ne, wasu suka mara mini baya.

Da rana tsaka mai masaukin nawa ya hau sama ya banko ƙofar ɗakina. Tagar da aka ɗauki hoton ba ta ɓuya ba. Bai zage ni ba a lokacin, wuyan rigata ya kama ya ja ni har bakala, kantin kayan masarufi na bakin layi, mutane na kallo. Ya buɗe firji, ya ɗauko irin kwalbar nan ya danƙa mini a hannu, ya ce in karanta abin da ke jiki da ƙarfi kowa ya ji. Na karanta. An rubuta ƙarara cewa ruwan sha'ir ne, babu barasa a ciki. Ga shi jere a firji kusa da madara, wata tsohuwa ma ta ɗauki biyu tana jiran a sallame ta. Ya ce, “Kai ne malami? Ka ci abincina, ka kwana a gidana, sannan ka ce ina shan giya a Makka? Ka san abin da za a yi mini da hukuma ta ɗauki maganarka?” Daga nan ya zage ni da Larabci, zagin da ban fahimci rabinsa ba, ya ce kafin magariba kada ya ga ko takalmina a gidansa.

Abin kunya, ko a ranar haushinsa nake ji, ina cewa ya tozarta ni a bainar jama'a. Sai da mahaifina ya kira ni yana kuka, ya ce na zubar masa da mutuncin shekara goma sha biyar, sannan jikina ya yi sanyi. Na rubuta gyara a zauren, na ce ƙarya na yi. Waɗanda suka yi rige-rigen tura hoton, ko mutum ɗaya bai tura gyaran ba. Aikin bai dawo masa ba, a shekarar ko bayanta.

Sau uku ina zuwa ƙofarsa kafin in gama karatu. Biyu bai fito ba. Na ukun ya fito, na durƙusa na ce Kawu ka yafe mini. Ya ce kada in sake ce masa Kawu. Ya ce mahaifiyarsa ta rasu maƙwabta na gulmar ɗanta mashayi ne, shi bai yafe ba, mu haɗu a gaban Allah. Ya rufe ƙofa.

Yau ina koyarwa a gida, ana ce mini malam, ana tambayata fatawa. Duk sanda na hau mumbari nakan tuna akwai wani bawan Allah da yake da hakki a wuyana, kuma ba ni da yadda zan yi in sauke. Abin da na gane shi ne, ƙiyayya ce ta tura ni, na sa mata sunan kishin addini. Ina gargaɗin ɗalibai masu zuwa ƙasar da ba su sani ba, da duk mai waya a hannu: idan ka ga abu a hannun wanda dama ba ka so, ka fara tuhumar zuciyarka, sannan ka buɗe baki ka tambaya. Ni ban tambaya ba, ga shi yau shekaru ina neman yafiyar mutum ɗaya, har yanzu ban samu ba.