Fitilar 'Yan Tsaki da Ciwon Yayata

Shekarun baya, ina tsaka da kiwon kaji a bayan gidanmu na Bukuru, aka gano yayata tana da ciwon dajin mama. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta sa ni makaranta, ni kuma na watsar da karatun a rabin sakandare saboda taurin kai. Likita ta ce ƙullutun bai yi nisa ba, a cire maman tun da wuri. Aka sa ranar aiki. Yaya ta dawo gida ta daina cin abinci.

Dama ina da tsohon haushi da asibiti. A ganina talaka ake kwantarwa a yanka, masu gidaje a Rayfield kuwa jirgi suke hawa zuwa ƙasar waje a yi musu na zamani. Ana cikin haka abokina mai gyaran waya ya nuna mini wani bidiyo. Wasu 'yan mitsi-mitsin na'urori ne, ido ba ya ganinsu, ana zuba su cikin jini. Sai a haska jan haske, hasken ya tuƙa su har cikin ƙullutun, su yi zafi su ƙone cutar, naman lafiya bai ji komai ba. Da Turanci ake bayani, na tsinci abin da na tsinta.

Na ce, "Ka gani ko? Ba wuƙa, ba jini. Wannan suke ɓoye mana."

Ya ce, "Oga, ka dai kalla har ƙarshe."

Na ce na riga na ga abin da nake nema.

Duk mai kiwon kaji a Jos ya san jar fitilar da muke rataya wa 'yan tsaki don kada sanyi ya kashe su. Ina shiga ɗakin kaji na gan ta tana ci, ja wur, ga ɗumi. Na ce ai shi ke nan. Ga haske, ga zafi. Na'urorin kuwa na ɗauke su a kan ƙaƙalen Bature.

Da na kai wa Yaya maganar, sai ta ce, "Auta, ka tabbata?"

"Haba Yaya, ni zan cuce ki?"

Ranar aiki ta zo ta wuce, ba mu je ba. Kullum da hantsi, in na gama ba kaji abinci, sai in rataya mata fitilar a ɗaki in saukar da ita daidai ƙirji, in fito in ja labule. Ƙani ba ya kallon jikin yayarsa, balle wadda ta goya shi. A bakin ƙofa nake zama, na juya baya, ina tambaya kamar wani babban likita, "Kina jin yana shiga?"

"Ina ji, Auta."

"To daure, cutar ce ke mutuwa."

Haka muka kwashe makonni. Ban taɓa ganin wurin ba, ita kuma ba ta taɓa cewa komai ba. Sai da 'yarta da ke aure a Titin Bauchi ta zo gaishe ta, ta tarar riga ta manne da fata. Ta fito da fitilar a hannu.

"Kawu, uwar tawa 'yar tsako ce?"

A asibiti ma ban saduda ba. Na miƙa wa likitar wayata, na ce ta duba abin da ake yi wa masu hali. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta kalli bidiyon har ƙarshe, ta juyo mini da shi. Ɓeraye ne a keji.

Ta ce, "Baba, binciken gaskiya ne, muna fatansa mu ma. Amma na'urorin nan su ne aikin, su ke yin zafin daga ciki. Kuma har yanzu gwaji ake yi, masu jirgin ma ba su samu ba. Fitilarka fata kawai ta dafa."

Sai da aka jira ƙunar ta warke kafin a yi aiki. Kafin nan ciwon ya taɓa hammatarta, aka haɗa mata da allurar da ta zubar mata da gashi. Allah Ya sa da sauran kwana, Yaya tana nan da ranta, tana ma zagina in na makara zuwa gaishe ta. Jikokinta Likitan Kaji suke kirana, ina amsawa.

Sau ɗaya na tambaye ta me ya hana ta magana. Ta ce, "Tun farko na san ba magani ba ne. Wuƙar nake tsoro, ka ba ni wurin ɓuya. Kuma ka ce ba za ka cuce ni ba, ta yaya zan ƙaryata ka?"

Haushin masu jirgi bai bar ni ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na gane ba su suka rataya fitilar ba. Har yau ina kiwo, sai dai da kaskon gawayi nake ɗumama 'yan tsakina. Maƙwabta sun ɗauka rashin wutar lantarki ne, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.